Maƙwabcin Ruwa

"Wa ya ba ku wannan?" Duktura ta tambaya, idonta a kan dutsen, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Suhaila ta jingine sandar goge-goge a bango. Aikin lokacin Hajji ta samu a wani masaukin alhazai da ke Tandabawi, tana gyara ɗakunan matan Turkiyya, a nan ta haɗu da wannan dattijuwa mai tabarau da ake kira Duktura, malamar jami'a a ƙasarsu, mai Larabci irin na cikin littafi. Jiya ta hango hotunan wasu duwatsu a wayar matar, bakinta ya suɓuce ta ce ai akwai irinsu a gidansu. Yau ga shi ta kawo, bayan ta sha rantsuwa a gaban kakarta cewa za ta maido shi kafin La'asar.

"Na kakana ne, Allah ya ji ƙansa," ta amsa da Larabcin Makka, wanda ya fi mata Hausa sauƙi a baki. "A da can yana cikin masu ɗaukar tsofaffi a kan makarar ɗawafi. Wani tsohon Baturke da ya ɗauka ne ya ba shi kyauta."

"Baturke!" Duktura ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe ɗan garinmu ne ya riga ni zuwa. Matso ki gani."

Dutsen bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, launinsa kamar shayi da madara, gefe ɗaya ya yi sumul saboda shafar hannu. Duktura ta ɗiga masa ruwa a wannan gefen, ta ciro wani ɗan madubin ƙara girman abu da ke rataye a jikin makullanta, ta ɗora. Suhaila ta kanne ido ɗaya ta leƙa, sai ta ja baya da sauri.

Zobba ne a ciki, wani cikin wani, kamar an yanka albasa. Tsakaninsu ga wasu ƙananan ramuka birjik, sun jeru bayan juna kamar mata a layin famfon Zamzam. Ga kuma wasu faffaɗan layuka jefi-jefi, sun taso daga tsakiya sun miƙe zuwa baki.

"Bishiya ce," in ji Duktura. "Waɗannan ramukan su ne maƙogwaronta, ta nan ruwa yake hawa daga saiwa zuwa ganye. Da a ɗakin bincikena muke, da na yanki ɗan siriri na sa a babban madubi, sai ki ga wani abu kamar tsani a bakin kowane rami. Tana da 'yar'uwa da suke kama ƙwarai, har mukan yi ta gardama a kansu, amma 'yar'uwar ba ta da waɗannan faffaɗan layukan. Ba zan rantse ba sai na yanka, amma na san wannan fuskar. Mu jan itace muke ce mata, don in an sare ta fara ce tas, kafin a jima ta yi ja kamar an ji mata ciwo. Larabawa kuwa jarul ma'i suke kiranta."

"Jarul ma'i," Suhaila ta maimaita. Maƙwabcin ruwa.

"Ba ta tsirowa sai ƙafarta na cikin rafi."

Duktura ta ci gaba da bayani, yadda toka ta binne dajin tun kafin a san mutum a bayan ƙasa, da abin da ruwa ya yi wa gungumen a can ƙarƙashi. Amma hankalin Suhaila ya riga ya isa gida. Kakarta da ruwa ya zame wa abokin gaba, ashe duk shekarun nan maƙwabcin ruwa take shafawa! Wannan labari ne da zai sa tsohuwar dariya har haƙorin Makkanta ya fito.

Da gudu ta hau matakalar gidansu a Utaibiyya, jakar na dukan cinyarta.

"Ke Balarabiyar ƙarya!" muryar Inna Mairama ta tare ta tun daga ƙofa. "Ina kika kai mani abokin zama? In kin ɓatar da shi koma inda kika hito."

"Ya Sitti, kakata, ki bari in huta mana. Ga abokinki nan, ko ƙwarzane babu."

Inna Mairama ce ta raine ta tun mahaifiyarta ta rasu ta bar ta a zane. Da ƙafa ita da mijinta Malam Yari suka taso daga ƙasar Sakkwato suna da ƙuruciya, suka ratsa Chadi da Sudan, har yau kuma harshenta bai bar gida ba. Tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ga ciwon ƙirji da ke toshe mata numfashi da zarar ruwa ya taɓa ta, likita ya hana ta alwala, malami ya yi mata izini, ta koma taimama. Da wannan dutsen take yi. Da shi Malam Yari ya yi, duk tsawon jinyar da ta zama ajalinsa.

Suhaila ta zube a gefen katifa. "Albishirinki, tsohuwa. Kin san wannan mene ne? Wallahi ba dutse ba ne. Icce ne!"

Hannun Inna da ya miƙo don karɓa ya tsaya a iska.

"Mi kika ce?"

"Icce! Duktura ta nuna min. Bishiya ce ta ƙasarsu, ya'ani, ta bakin ruwa, sunanta ma…"

"Icce na?"

"E, amma ya…" Suhaila ta laluba. Kalmar Larabcin na nan a kan harshenta, ta Hausar ce ta ƙi zuwa. Ta cafki wadda ta fi kusa. "Ya bushe. Ya bushe sosai, marra."

"Busasshen icce ai icce na, ɗiyata."

Don ta burge ta, Suhaila ta buɗe hoton da Duktura ta ɗaukar mata ta cikin madubin, ta faɗaɗa shi da yatsu biyu, ta kai mata kusa da ido. Wannan ne kuskurenta na biyu. Inna Mairama ta yi faskare tun tana budurwa, ta sayar da itacen girki a hanyar Sudan don su samu guzuri. Ba ta bukatar wata duktura ta gaya mata yadda cikin gungume yake. Ta daɗe tana kallo. 

"Ba a taimama da tabarma," ta faɗa a hankali, da karin da ta haddace shi tun tana yarinya. "Ba a yi da haki. Ba a yi da icce."

Ladan ya kwaɗa kiran La'asar. Dutsen na ajiye tsakaninsu, babu wadda ta taɓa shi.

"Ni ina da rai, ina iya ramawa," in ji Inna. "Malam hwa? Ni ka miƙa mai shi, da hannuna wanga. Asuba in miƙa, Azahar in miƙa. Ya tahi gaban Ubangiji da sallolin da ba tsarki, ni kuma ina tsaye ina ce mai sannu."

Sai a lokacin Suhaila ta gane abin da ta yi.

Ta yi ta gyara magana har muryarta ta dishe. Ta ce ya zama dutse, ta ce a ɗaga a ji nauyinsa, ta ce Duktura ma dutse take kiransa. Inna ta shafa kanta da hannun mai lafiya.

"Na farko shi na gaskiya. Wanga na biyu lallashi na. Allah shi yi maki albarka, ɗebo mani ruwa."

Da Kawu Rabe ya dawo daga jigilar alhazai ya ji abin da ya faru, ya yi kamar zai haɗiye Suhaila. "Ke wa ya aike ki? Abu yana zamansa lafiya, kin kwasa kin kai wa mai tabarau!" Ya fita a fusace, ya hau tudun bayan unguwa ya ɗauko baƙin dutsen Makka, ya wanke, ya ajiye a gaban mahaifiyarsa.

Ta kalle shi ta kawar da kai. "Shi wanga wa ya san mi yake can da? An ruɗe ni sau guda, Rabe. Ruwa dai na san ruwa na."

Tun daga ranar gidan ya birkice. Inna ta ɗaura ramuwa, tata da kuma wadda take cewa ko Allah zai karɓa a madadin Malam. Kowace alwala sai ta bar ta tana haki, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Suhaila ta ɓoye buta, Inna ta yi alwala da ruwan shan maganinta. Ta daina tsokanar kowa. Balarabiyar ƙarya ma ta daina faɗa, wannan kuwa ya fi komai ci wa Suhaila rai.

Mutum ɗaya ne Inna za ta saurara: Malam Abdulwasi'u, wanda ya yi karatu a zaure ɗaya da Malam Yari, shi ne kuma ya yi mata izinin taimamar tun farko. Amma Malam ya fita da ayarin alhazan Nijar yana yi musu jagora, daga Arfa sai Muzdalifa sai Mina, wayarsa ko ƙara ba ta yi.

"A bari a sauko daga Mina," in ji Kawu Rabe. "Kwana nawa ne?"

Ba a kai ga saukowar ba. Washegarin Sallah da hantsi, Suhaila na soya hanta a madafa, ta ji ƙarar faɗuwa. Ta iske Inna a ƙofar banɗaki, ta ja jiki da gwiwar hannu ɗaya har ta kai famfo, santsi ya kwashe ta. Zaninta ya jiƙe sharkaf, ƙugunta ya juya wani iri, leɓenta ya yi shuɗi.

A asibiti aka sa mata abin numfashi. Likita ya ja Kawu Rabe gefe, Suhaila ba ta ji me ya ce ba, amma ta ga yadda kawun ya dafa bango. Da ta sunkuya kusa da gadon, Inna ta janye robar daga bakinta.

"In na tahi… da wane ido zan dube shi?"

Suhaila ta miƙe. Dutsen na cikin jakarta, tun ranar da Inna ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki.

"Ina za ki?" Kawu Rabe ya tare ta a ƙofa.

"Mina."

"Kin haukace? An rufe hanya, mota ba ta shiga!"

"Ƙafa na shiga. Ita ma da ƙafa ta zo."

Ta samu mai babur ya rage mata hanya zuwa Aziziyya, daga nan ta faɗa cikin kogin mutane. Rana ta take, kwalta na turiri. Ta bi ta cikin ramin dutse mai manyan fankoki masu rugugi, ana turo ta gaba ana maido ta baya, takalminta ɗaya ya tsinke ta cire ɗayan ta riƙe. Tanti duk iri ɗaya, fari bayan fari. Ta tambayi wani askar mai kaki ya nuna gabas, ta tambayi wani mai shara ya nuna yamma. Sai da ta ji wata mata na ƙwala wa wata kira da Hausar Maraɗi, ta bi muryar har ta ga tutar Nijar.

Malam Abdulwasi'u na zaune a bakin tanti, kansa sabon aski, yana yanka lemo da 'yar wuƙa.

"A'a! Jikar Yari? Me ya fito da ke cikin wannan rana ba takalmi?"

Ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. Ta soma da Hausa ta sarƙe, ta koma Larabci ta zazzage masa komai. Malam ya ajiye lemon ya karɓi dutsen da hannu biyu. Ya san shi. Ya sha ganinsa a gefen filon amininsa.

"Bar kukan. Faɗa min abin da matar ta ce, duka, har wanda ba ki kai gida ba."

Suhaila ta rufe ido ta koma ɗakin masaukin, ta tono maganar da ta saurara da rabin kunne. Toka ta binne gungumen. Ruwa mai ɗauke da garin dutse ya yi ta tsiyaya cikin ramukan nan, shekaru bayan shekaru. Itacen yana ruɓewa kaɗan-kaɗan, dutse yana zama a gurbinsa, har ya zamana ko tsinke ɗaya na itace bai rage ba, sai kamanni.

"Ta faɗi haka?"

"Wallahi ta faɗa. Ni ce ban… ni sunan kawai ya burge ni."

Malam ya juya dutsen a hannunsa. Ya kafa bakin wuƙarsa a jikin dutsen ya gwada fiƙewa, wuƙar ta zame ba ta bar ko alama ba. Ya juya ta, ya shiga inuwar tanti, ya buga bayan wuƙar a gefen dutsen mai kaifi. Ya sake bugawa. Tartsatsi ya yi tsalle ya mutu a kan tabarma.

"Kin taɓa ganin an yi ƙyastu da icce?" Ya yi murmushi, amma idonsa ya kawo ruwa. "Abu in ya juye ya zama wani abu, hukuncin abin da ya zama ake ba shi. Wannan dutse ne, ɗiyata, dutse kamar kowane dutse. Sallar Yari na nan lafiya, ta Mairama na nan lafiya. Ko da ma ba haka ba, Ubangijin da suka taka daga Sakkwato don su zo ɗakinsa ba mai neman su da laifin abin da ba su sani ba ne. Kawo wayar."

Ya ɗauki saƙon murya a ciki da Hausar da Inna za ta ji har ɓargo, ya kira ta da sunanta, ya yi rantsuwa, ya sake buga wuƙar kusa da wayar don ta ji ƙarar. Suhaila ta tura wa Kawu Rabe. Saƙon ya tsaya, ɗan agogo a gefensa. Ta ɗaga wayar sama, ta hau kan bulo, ta kira, ta sake kira. Mutanen duniya duka na Mina, kowa na neman gida, layi ya cushe.

"Malam, koya min," ta ce. "Yadda zan faɗa mata da bakina. Da Hausa mai kyau."

"Ki ce: Inna, icce ne a da, amma Allah ya mai da shi dutse."

Abin da ya gagare ta ke nan. Magana guntuwa haka.

Ta juyo da gudu. Cikin ramin dutse tana faɗa, a kan gada tana faɗa, tafin ƙafarta ya kumbura ya fashe ba ta ji ba. Icce ne a da, amma Allah ya mai da shi dutse. Wani alhaji ya ɗauka zikiri take yi, ya ce mata amin. Tana fitowa Aziziyya wayar ta yi motsi, ɗan agogon ya ɓace, saƙon ya tafi. Ta tsaya ta dafe gwiwa tana dariya tana haki. Ya isa. Yanzu Kawu zai kunna mata.

Ta isa asibitin ana fitowa daga sallar La'asar. Kawu Rabe na zaune a ƙasa a bakin ɗakin, hularsa a kan gwiwa, wayar a hannunsa.

"Ka kunna mata? Kawu, ka kunna mata?"

Ya ɗago jajayen idanu. "Saƙon ya shigo ana rufe mata fuska."



"Da Azahar ta yi, ma'aikaciya ta kawo mata akwatin ƙasar taimama," ya ci gaba, muryarsa na karyewa. "Ta ture. Ta ce ruwa. Na ce Inna likita ya hana, ta ce ruwa. Ba ta yi sallar ba, Suhaila. Matar da ban taɓa ganin ta bar lokaci ya wuce ba. Tana ta kiran Baba tana cewa ya yafe mata, har…"

Ya danna wayar ba da niyya ba. Muryar Malam Abdulwasi'u ta cika barandar, tana kiran Mairama, tana rantsuwa, sai ga ƙarar ƙarfe a kan dutse. Kawu Rabe ya kifa kansa a gwiwa.

A ɗakin wankan gawa, matar da ke aikin ta tambaya ko akwai ta jini da za ta zuba ruwa. Suhaila ta shiga, tana ɗingishi, ta bar sawun jini a kan tayil. An kwantar da Inna an lulluɓe ta, ta koma 'yar ƙarama, fuskarta ba ta saki ba, girar nan a haɗe kamar mai jiran amsa.

"Alwala za mu fara yi mata," in ji matar. "Zuba a hankali."

Suhaila ta ɗaga butar. Ruwan ya gangara kan hannun da ya raine ta, ya bi tsakanin yatsu, ya sauka. Ta tsaya tana jiran tarin nan, tana jiran ƙirjin ya yi kukansa. Shiru. Yanzu ruwa ba ya cutar da ita.

Ta sunkuya daidai kunnen, ta faɗa tiryan-tiryan, ba gargada, ba Larabci ko ɗaya a ciki.

"Inna, icce ne a da, amma Allah ya mai da shi dutse."

"Me kika ce?" matar ta tambaya da Larabci.

Suhaila ta ƙara matsawa kusa da kunnen. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, kamar yadda ake yi wa tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi. Butar ta ƙare a hannunta. Matar ta karɓa ta ciko, ta miƙo mata, ta ce saura fuska.